Wayar Saƙo: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Haɗa Ta

Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai sana'ar kayan lantarki ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a unguwar Albarika, Paraku.



Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, Alhazai da Hajiyoyi, ƴan'uwanmu da suka taso daga Zugu tun da asuba, da baƙinmu na Nikki, Kandi da Malanbil, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka kafa mana wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan waya. Na san wani zai ce a ransa, ga maganar iyaka, ga maganar duwan, ga canjin naira da sefa, me ya kawo waya a ranar biki? To, Alhaji, dubi abin da dukiyarka ta dogara a kansa yau. Mai sayen kaju da waken suya yana da sikelin lantarki a bakin mangaza. Mai kifi yana da ɗakin sanyi. Mai garke ya haƙa rijiyar burtsatse, wadda muke ce wa foraj, ya sa mata famfo mai aiki da hasken rana, ya ɗaga shato. Mai fakin manyan motoci ya kewaye filinsa da kyamara. Kowanne daga cikin waɗannan yana da wata ƴar na'ura a can nesa da ke jin nauyi, ko sanyi, ko ruwa, ko motsi, sannan ta aiko da labari ta cikin waya. Masu gyara a Najeriya suna ce mata sensa, a nan kuma za ka ji ana cewa sond ko kaftar.

Bayan haka, da yawa daga cikinmu mu ne ke shigo da wayar. Daga Alaba a Legas, daga Anaca, daga Sabon Gari a Kano, daga Kwatano da Lome, ta hannunmu take isa kasuwar Arzeke da shagunan Zugu. Ke nan maganar ta shafe mu ta fuska biyu, muna saye kuma muna sayarwa.

Bambancin wayar wuta da wayar saƙo

In akwai abu ɗaya da nake so kowa ya koma gida da shi, wannan ne. Wayar wuta in ta lalace, fitila ta mutu, kowa ya gani, a kira mai gyara. Wayar saƙo in ta lalace, sau da yawa ba ta yin shiru. Ci gaba take yi da kawo labari, sai dai labarin ya zama ƙarya, kai kuma kana yanke shawara a kansa da kuɗinka. Bari in kawo misali huɗu da lissafinsu.

Na farko, sikeli. Ƙarfen da ke ƙarƙashin faranti yana jin nauyi, saƙon da yake aikowa bai wuce milibolt 20 ba a lokacin da aka cika shi da kaya. Milibolt shi ne bolt ɗaya a raba shi gida dubu. Ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya ninka wannan saƙo sau 75. A sikeli mai ɗaukar kilo 1,000, milibolt ɗaya kacal daidai yake da kilo 50. Saboda haka ɗan danshin da ya shiga akwatin haɗi, wanda ko yatsa ba zai jiƙa ba, ya isa ya ƙara ko ya rage kilo ɗaya ko biyu a kowane awo. In kana auna buhu 200 a wuni da kuskuren kilo ɗaya, kilo 200 ke nan kullum. Ko dai kai ake cuta, ko kai ke cutar manomi ba ka sani ba. Malamanmu na zaune a nan, sun fi ni sanin abin da Suratul Muɗaffifina ta ƙunsa game da masu tauye awo.

Na biyu, ɗakin sanyi. Akwai na'urar jin zafi da ake kira Pt100. Ita da turjiya take magana, wato yadda ƙarfe ke tauye gudun wuta, abin da ake aunawa da om. Duk digiri ɗaya na zafi yana ƙara mata om 0.385. In ka ja ta mita 50 da siririyar waya mai lamba 0.5, sili biyu, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, wayar kaɗai ta ƙara om 3.6. Allo zai nuna ɗakin ya fi yadda yake zafi da kusan digiri 9. Inji ba zai huta ba, mai da kuɗin wuta suna tafiya a banza. Maganinsa waya mai sili uku ko huɗu, wadda ke ba akwatin damar cire turjiyar waya daga lissafi.

Na uku, kyamara. Kun sha jin ana cewa, da rana tana nunawa, da dare sai ta ɗauke. Ba aljanu ba ne. Da dare kyamara na kunna ƴan fitilunta na gani a duhu, sai ta ƙara jan wuta. A ce tana jan rabin amfa daga bolt 12, a nisan mita 100, da waya mai lamba 0.5. Bolt 3.6 zai zube a hanya, 8.4 ne zai isa, ba zai riƙe ta ba. Da mai lamba 1.5 aka ja, bolt 1.2 ne zai zube, ta kwana tana aiki. Ɓarawo kuwa da dare yake zuwa.

Na huɗu, foraj. A cikin rijiya akwai na'urar da ke tsayar da famfo in ruwa ya ja baya, a cikin shato kuma akwai ƴar ƙwaryar da ke tasowa ta ce ya cika. In silin biyu na wayar rijiya suka haɗu saboda mummunan ɗauri, akwatin zai ɗauka kullum akwai ruwa. Famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Wayar da ba ta kai jaka goma ba ta kashe famfon ɗaruruwan jaka.

Jan ƙarfe ne, ko an yi masa riga?

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano da Sakkwato, ta Nikki da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, sun san ba a sayen huhun goro da kallon ganyen da aka naɗe shi. Haka waya take. Abin da aka rubuta a leda daban, abin da ke cikin roba daban.

Wayar ƙwarai jan ƙarfe ce zalla. Amma kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana ce mata CCA, da wadda cikinta baƙin ƙarfe ne, ita kuma CCS. Alminiyam na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Yana karyewa in an lanƙwasa shi sau biyu ko uku, yana saki a ƙarƙashin kusa, kuma in ya sha danshi sai ya zama farin gari. Ga gwaji biyar da kowa zai iya yi a shago.

Kankara da wuƙa. In ka kankare sili ka ga fari a ciki, alminiyam ne. Amma a lura, akwai waya mai kyau wadda take akasin haka, fara a waje, ja a ciki. Wannan jan ƙarfe ne aka shafa masa kuza don kada ya yi tsatsa, irinta ake sa wa fanunan hasken rana. Kada a mayar da ita a ce jabu ce.

Kusanta mayen ƙarfe. Jan ƙarfe ba ya kama shi. In sili ya manne, baƙin ƙarfe ne.

Kunna ashana ko laita a bakin siririn sili. Jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a yadda yake. Mai alminiyam zai langaɓe ya faɗi nan take.

Auna nauyi. Jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Mita ɗaya na mai lamba 2.5, in an feɗe robar, giram 22 ne ko kusa da haka. Mai lamba 1.5 kuma giram 13. A feɗe robar kafin a auna, domin masu ha'inci sun iya ƙara kaurin roba su rage sili.

Auna turjiya da mita. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60228 ta ce mita 100 na sandararriyar waya mai lamba 1.5 kada ya wuce om 1.21, mai lamba 2.5 kuma om 0.74. Wayar intanet ta kwali mai mita 305, kowane sili bai kamata ya wuce om 29 ba. In ka ga 40 ko fiye, ka san abin da ke hannunka.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar kayan aiki, wato farashi. A 2021, da kuma 2024, tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan. A wannan farashi, jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na mai lamba 2.5, kilo 2.2, ya kai dalar Amurka 22. In aka lissafta dala ɗaya a sefa 600, jaka 13 ke nan da ɗoriya, tun ba a sa roba ba, ba a biya mota ba, ba a biya duwan ba. Duk wanda ya kawo maka naɗi a rabin wannan kuɗi ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Araha ba ta ado.

Najeriya na da masana'antun waya da suka yi suna, irin su Coleman a jihar Ogun, Cutix a Nnewi, da Nigerchin da Kabelmetal a Ikeja. Sunan da ya yi kyau shi ake kwaikwaya, don haka a saya a hannun dilansu na gaskiya, a karɓi rasit. Hukumar SON tana ba kayan da aka ƙera a Najeriya shaidar MANCAP, waɗanda aka shigo da su kuma SONCAP. Tambari kaɗai bai isa ba, a haɗa da wuƙa da mita.

Tarko biyu na masu ƙetare iyaka

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman, saboda muna ɗauko kaya daga ƙasar da Ingilishi ya raina muna kawowa ƙasar da Faransa ta raina.

Na ɗaya, yadi da mita. Wani naɗin yadi 100 ne, mai saye a nan kuwa mita 100 yake nufi. Yadi 100 mita 91.4 ne. In ka sayar ba ka faɗa ba, mai aiki zai je daji ya tarar saura mita takwas da rabi bai kai ba. Me zai yi? Zai ƙulla wani guntu a tsakiyar hanya, kuma wannan ƙullin ne zai kashe aikin a damina ta farko. A duba jikin waya, masu kyau suna buga lambar mita a kan rigarsu.

Na biyu, launi. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake gani a Najeriya, ja shi ne mai wuta, baƙi shi ne mai mayarwa. A tsarin Faransa da muke bi a nan Benin, shuɗi ne mai mayarwa, kore da rawaya na ƙasa ne, baƙi kuwa yana iya zama mai wuta. Yaron da ya koyi aiki a can ya kama baƙin sili a nan da gaba gaɗi, Allah Ya kiyaye. Ku riƙa gaya wa masu saye.

Riga daidai da wurin zama

Waya a waje tana da maƙiya da yawa a ƙasar nan: ranar Maris da Afrilu, ƙurar hunturu, ruwan da ke zuba daga Mayu zuwa Oktoba, gara, ɓera da gafiya, haƙorin akuya, fartanyar manomi, da gobarar daji bayan kaka.

Farar waya ko mai ruwan toka ta cikin ɗaki ce. In ta zauna a rana sai rigarta ta bushe ta tsattsage, ruwa ya bi tsagar. Ta waje baƙar riga gare ta, domin baƙin sinadarin da aka cuɗa a robar shi ke tare hasken rana. A shagunanmu, wadda aka rubuta wa U-1000 R2V ta dace da waje, H07RN-F kuma ita ce mai taushi ta roba da ke jure ruwa da lanƙwasa. Mai sulken ƙarfe, wadda ake kira RVFV a nan, SWA a Najeriya, ita ce maganin ɓera da bakin fartanya. Wayar intanet ma akwai ta waje, baƙa, wata har da maiƙo a ciki mai hana ruwa tafiya.

In za a binne, ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikinmu suka koya, ta ce zurfin santimita 50 a fili, 85 a inda mota ke takawa. A shimfiɗa yashi, a sa waya cikin jan tiyo na TPC, a rufe, a shimfiɗa jar raga a sama don mai haƙa ya gani ya tsaya. A fakin da tirela ke juyawa, kada a yi rowar zurfi. Kuma a sani, duk tiyon da ke ƙarƙashin ƙasa wata rana sai ya cika da ruwa. Tiyo na kare waya daga dutse da haƙori ne kawai. Wayar da ke cikinsa dole ta zama mai jure ruwa da kanta, kuma kada a bar ƙulli ko ɗaya a ciki.

Sauran sharuɗɗa uku na wayar saƙo. Ta zama mai sili a murɗe biyu-biyu kamar igiya, domin murɗin na kashe hayaniyar da take kwasowa daga wayoyin wuta. Ta zama mai garkuwa, wato ragar ƙarfe ko farar takardar alminiyam da ke naɗe da silin, a haɗa garkuwar da ƙasa a gefe ɗaya, wajen akwatin karatu. Sannan kada ta kwanta jiki da jiki da wayar famfo ko ta janareta. A bar aƙalla santimita 20 zuwa 30 a tsakani, in dole su haɗu su gitta juna, kowace ta wuce.

Nisa ma yana da iyaka. Wayar intanet ba ta wuce mita 100 a ja ɗaya. In wurin ya yi nisa ƙwarai, tun wajen sayen na'ura a nemi mai aiko da saƙo ta tsarin 4-20 mA, wanda turjiyar waya ba ta canza masa karatu, ko tsarin RS-485 da ke iya kai mita 1,200. Game da sikeli kuma, wayar da ta zo manne da ƙarfen awo mai sili huɗu, da tsawonta aka daidaita shi a masana'anta. Kada a yanke ta don ta yi tsawo, a naɗe ragowar. In za a ƙara nisa zuwa ofis, a sa mai sili shida. Dalili shi ne turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a duk digiri 10, don haka wayar da ta bi ta kan kwano, karatunta na asubar hunturu da na azahar ɗin bazara ba za su zo ɗaya ba. Silin biyun da aka ƙara su ke gyara wannan.

Mahaɗi, inda aiki ke mutuwa

A shekarun da na yi ina wannan sana'a, in aka kira ni aikin da ya lalace, wurin da nake fara buɗewa shi ne mahaɗi, kuma galibi a nan nake samun ciwon. An murɗa sili biyu da hannu, an naɗe da baƙin salatif, an tura cikin ciyawa. Zafi ya narkar da gam ɗin, raɓa ta shiga, jan ƙarfe ya yi kore. Ruwan kuma ba ya tsayawa a nan, yana bin tsakanin silin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ka yanke mita biyu ka tarar baƙi ne.

Ƙa'ida ta farko, mahaɗin da ya fi kyau shi ne wanda babu shi. A auna hanya da igiya kafin a sayi waya, a ƙara mita biyar, a ja ta a tsaye ba yanki.

In haɗi ya zama dole, a yi shi cikin akwati, a sama da inda ruwa ke kwanciya, inda hannu zai kai. A jikin akwatin za ku ga IP da lamba biyu. Ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 5 yana jure feshi, 7 yana jure nutsewa mita ɗaya na minti 30, 8 kuma ya fi haka gwargwadon abin da masana'anta ta faɗa. A bango, IP65 ya isa. A ramin gadar awo, inda ruwa ke taruwa, kada a sauka ƙasa da IP67. Amma lambar ba ta da amfani in an huda akwatin da ƙusa an cusa waya. Kowace waya ta shiga ta mashaƙinta, wato bakin nan mai zare da ake ɗaurewa robarsa ta kama wuyan waya, kuma girmansa ya dace da kaurinta. Waya ta shiga ta ƙasan akwati, a bar mata ɗan lanƙwasa a ƙasa kamar wuyan ƙugiya, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a can. A jefa ƴar jakar tsotse danshi a ciki, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa canza ta.

Bakin sili mai gashi-gashi a sa masa hularsa ta ƙarfe, a matse da filayar da aka yi don haka, kafin a ɗaure da kusa. Filayar kafinta ba ta wannan aiki. Domino na buɗe, wanda muke sayarwa a tsinke, na cikin ɗaki ne.

Haɗin cikin rijiya kuwa hanya biyu gare shi: ko robar da ake hura wa zafi ta tsuke, mai gam a cikinta, kowane sili da tasa sannan babba a sama, ko kwabon da ake zuba wa ruwan gam ya daskare. Bayan an gama, a tsoma haɗin a bokitin ruwa a auna shi kafin a zura famfo. Minti talatin a bakin rijiya ya fi a tara mutum shida su jawo mita sittin na tiyo.

Mahaɗin fanunan rana, MC4, namiji da mace su zama na kamfani ɗaya. Na kamfani biyu suna shiga juna, ido ya ga kamar sun zauna, amma ciki da ɗan sako-sako, nan zafi ke taruwa har roba ta narke. Haka kuma kada a ɗaure jan ƙarfe da alminiyam kai tsaye. In danshi ya same su, jan ƙarfe na cinye alminiyam. Akwai mahaɗi na musamman mai ƙarfe biyu don wannan.

Tsawa

Doguwar waya a fili tana kwasar ƙarfin tsawa ko da ba a kanta ta faɗi ba. Shi ya sa bayan hadarin farkon damina ake yi mana layi da akwatunan famfo da na kyamara a ƙone. Abin da ke rage wannan: a binne waya maimakon a rataya ta daga itace zuwa itace, a sa na'urar tare tsawa a bakin waya ta kowane gefe, a kafa sandar ƙasa ta gaske a wuri mai laima, a haɗa duk ƙarafan wurin da ita. Tsakanin gini da gini, in da hali, a ja wayar gilashi, wato fayiba, domin ita haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta.

A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a buɗe kowane akwati a duba kore ko gidan tururuwa, a ƙara ɗaure kusoshi. Duk lokacin da aka taɓa wayar sikeli, a gwada shi da duwatsun awo da aka san nauyinsu, a kusurwa huɗu da tsakiya, sannan a nemi hukumar ANM mai kula da awo a ƙasar nan ta tabbatar da shi.

Roƙona ga ƙungiya

Ranka ya daɗe Shugaba, ina da roƙo uku.

Na farko, ƙungiya ta sayi mitar awon turjiya mai kyau, da ƙaramin sikelin giram, da ma'aunin kauri, a ajiye saiti ɗaya a ofishinmu na Paraku, ɗaya a Zugu. Duk ɗan ƙungiyar da ya sauke kaya ya gwada naɗi ɗaya kafin ya raba wa shaguna. Kuɗinsu bai kai na famfo ɗaya da ya ƙone ba.

Na biyu, mu yi alkawari a tsakaninmu cewa za mu kira kowace waya da sunanta. Ban ce kada a sayar da mai araha ba, kowa da ƙarfin aljihunsa. Amma in CCA ce a ce CCA ce, in yadi ne a ce yadi ne, a rubuta a rasit. Kuma kafin ka yanka wa mutum waya, tambaye shi abu uku: me za ta ɗauka, mita nawa, a ina za ta kwanta. Mai sayen da ka hana shi abin da zai cuce shi, shi ne zai kawo maka ƙaninsa.

Na uku, yaranmu da ke koyon aikin lantarki, a haɗa musu horo na kwana biyu ko uku a kan haɗin waya kaɗai, ƙungiya ta saya musu filayar matsewa. Da yawansu ba ha'inci ke sa su naɗa salatif ba, abin da suka gani ana yi ke nan.

Mun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun ga abin da ya sami hanyar Malanbil da Gaya tun daga 2023. A waɗannan lokuta, wanda aka ci gaba da ba shi kaya bashi, aka ci gaba da aiko masa da kuɗi tun kafin a ga kaya, shi ne wanda aka san awonsa daidai ne, kayansa kuma yadda ya faɗa haka suke. Buɗe iyaka da rufe ta ba a hannunmu suke ba. Abin da ke cikin naɗin wayar da muka miƙa wa mutum kuwa, a hannunmu yake.

 Mai tambaya ya same ni bayan an ci abinci, na zo da guntayen waya iri-iri da wuƙa da mayen ƙarfe, kowa ya gwada da hannunsa. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu da dukiyar haram, Ya kiyaye direbobinmu a hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya nuna mana na baɗi da rai da lafiya.